Tiya Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina awo a Kasuwar Dole,
gero, wake, gyaɗa in ta samu.
Tiya ɗaya ubana ya bar mini, bakinta ma ya lotsa.
Ya ce: da ita za ka saya, da ita za ka sayar,
ran da ka yi ta biyu, kar ka tako kabarina.

Ma'azu, maƙwabcin rumfata, biyu gare shi.
Mai zurfin ciki ta tarbar matan Mirya ce
in sun sauke buhu daga amalanke,
marar zurfin kuwa ta ma'aikata, ƙarshen wata.
Kuma ran da aka kama wani da algus
muryarsa ce ta fi tsawo wajen Allah wadai.

Bayan lisha, a fada,
shayi na biyu na tafasa, rediyo bisa tabarma,
sai mu ji manyan duniya suna nasu awon.
An zuba wuta kan wani gari,
suka ce ta'asa, suka miƙe tsaye, suka yi shiru na minti ɗaya.
An zuba kan wani,
suka ce suna bin lamarin da idon basira.
Na taɓa Lawali: ka ji Ma'azu ya sa kwat.
Aka yi dariya har buta ta kusa kifewa.
Na koma gida ina jin kaina mutum.

Cima ce ta ɓata mini dare.
Tana bitar karatun lise a hasken tocila, ko kai ba ta ɗaga ba:
Baba, bara da waɗanda ka tsana suka yi haka, ka tsine.
Bana sababbin abokanmu sun yi irinsa,
ka ce ai akwai dalili.
Wace tiya ce wannan?

Na ce yaro bai san siyasa ba.
Na ce ki kashe fitila.
Ta kashe. Tambayar ba ta mutu ba.

To, hankali dai ba lakwal ce ta haife shi ba,
ba a kuma raba shi da fasfo.
Inna Barira ko baƙi ɗaya ba ta sani ba,
amma ka rage mata tafi guda cikin awo,
hannunta zai faɗa tun kafin ta kai bakin titi.
In ta iya gane wannan,
me zai hana a tambaye ta
kafin a sa hannu da sunanta a takardar da ba ta gani ba?

A Garin Malam famfo ɗaya gare mu, gida arba'in,
ruwa ba ya zuwa sai biyun dare.
Muka zauna gindin dutse, muka yi ta cacar baki har magariba.
Ni na so a fara da masu iyali da yawa,
don nawa sha uku ne, ban ɓoye ba.
Aka ɗaga hannu. Na sha kaye.
Bido ya bi bido, har na mai unguwa.
Wata takwas ke nan ina na ashirin da shida,
ina guna-guni, ina bin layi.
Shunin zaɓe kwana bakwai yake a yatsa ya goge,
wannan kuwa kowane dare sai na sake jefa shi.

Ban san yadda ake riƙe ƙasa ba.
Abin da na sani, kukan uwa
ba ya canza nauyi don an canza mai harbi.

Yau da safe na goge tiyar da bakin riga.
Wata tsohuwa ta kawo gero, daga Droum ta ce.
Na cika, na tsaya.
Babban yatsana ya san hanyar da ake danne hatsi,
ban san yaushe ya koya ba.
Ma'azu yana kallona.
Na janye hannun.